Ɗan Jarida a Filin Harbi

Ran da na buga wa mahaifiyata waya na shaida mata cewa na fara koyon harbi, shiru ta yi mai tsawo, har na zaci layin ne ya yanke. Can sai na ji ta ce, "Kai wannan," domin ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, "aikin jaridar ne ya ƙare, ko kuwa wani abu ne ya same ka a Abujar?" Na ce, "Inna, wasa ne kurum, irin na motsa jiki, kamar ƙwallo ko langa." Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin an gama bindiga da wasa a baki ɗaya ba. Ta yi mini addu'a, ta ajiye waya.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Sa'ad da muke yara a ƙasar Katsina, in an ce 'yan bindiga, waɗanda ke zuwa mana a rai su ne mutanen Sarki masu shiga gaba ran hawan Salla, da rigunansu cike da layu, suna ɗura albarushi suna sakin wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta zabura, mu kuwa muna toshe kunne muna bin su da gudu. Kawuna, yayan Inna, yana cikinsu, kuma babu yaron da bai yi mini hassadar wannan ba a unguwarmu. To, yau kalmar nan ta sake riga. Ni da ke zaune a teburin tace labarai, da wuya rana ta fito ta faɗi ban rubuta ta ba, kuma ba a kan hawan Salla ba. Da hannuna na gyara labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a watan Disamba na 2020, da na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ran 28 ga Maris, 2022, da na gidan yarin Kuje da aka fasa a watan Yuli na 2022. Bayan waɗannan da duniya ta sani akwai wanda ba a buga ba, watau ɗan ƙanwar Inna, wanda muka yi makarantar allo tare, da aka tare su a hanyar dawowa daga kasuwa, har yau bai dawo ba. Saboda haka in Inna ta ji an ambaci bindiga, ta san abin da take ji.

Ni ma ba da niyya na shiga ba. Abokin aikina mai kula da shafin wasanni ne zazzaɓi ya kwantar, edita ya leƙo ya ce in je in ɗauko rahoton wasu 'yan wasan harbi da ke atisaye a wani fili da ke hannun masu kaki, can bayan gari. Na tafi ina ƙunƙuni, don a ganina wannan ba aikin da na yi difloma dominsa ba ne. Na kuma tafi da zaton zan tarar da ƙara da hayaniya da mazaje masu zare ido. Abin da na tarar ya saɓa. Mutane ne kamar goma, har da 'yan mata biyu, kowa kwance rubda ciki a kan tabarma, sanye da wata riga mai tauri kamar ta fatar kiri, ba mai magana, ba mai motsi. Jim kaɗan sai ka ji "tas", kamar an karya kara, sa'an nan shiru ya sake rufe wurin. Na fi rabin sa'a a tsaye, ban rubuta ko harafi ɗaya ba.

Mai koyar da su wani dattijo ne, tsohon soja da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Da na gama yi masa tambayoyina sai ya dube ni ya ce, "Malam ɗan jarida, kai da ke rubuta bindiga kullum, ka taɓa riƙe ta?" Na ce a'a. Ya ce in ina so in zo ran Asabar, da takardar shaida daga wurin aikina, a rubuta sunana a littafi. Ai kuwa na zo.

Asabar uku na yi ban harba ko ɗaya ba. Ka'idoji kawai Baba ke maimaita mini har suka zauna: kowace bindiga a ɗauke ta a kan tana da harsashi, ko da kai ne ka fitar da shi yanzu, bakinta kada ya dubi ko'ina sai wajen tudun ƙasar da ke bayan takardun saiti, yatsa kada ya kusanci kunama sai an gama auna, in ba harbi ake yi ba, a buɗe ta a zura mata wata igiyar roba mai launin ruwan lemo, yadda kowa zai gani daga nesa cewa babu kome a cikinta. In jami'in fili ya ce a tsaya, to, ko yatsanka ya fara matsa kunama sai ka janye. Na taɓa juyowa da bindiga a hannu don in amsa sallamar wani, ba kome a cikinta, amma ran nan Baba ya karɓe ta ya ce in tafi gida. Na ji haushi ƙwarai, ga kuɗin mota na kashe tun daga Kubwa. Daga baya na gane da ya ƙyale ni, da ni kaina ba zan yarda in kwanta kusa da wani sabon shiga ba.

Da bindigar iska aka fara mini, kuma a ganina duk mai son wannan wasa a ƙasar nan daga nan ya kamata ya soma. Ba ta amfani da albarushi, iska ce da aka matse ke tura wata 'yar dalma mai faɗin milimita 4.5, kamar ƙwayar dawa. Ana harbi a tsaye daga nisan mita 10, a cikin ɗaki. Mai karatu zai ce ai mita goma kusa ne. To, wurin da ke ba da maki goma a takardar, faɗinsa rabin milimita ne, watau kamar ɗigon da ke ƙarshen wannan jimla. Da irin wannan bindiga ce Abhinav Bindra ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Beijin a 2008, ya zama mutumin Indiya na farko da ya ci zinariya shi kaɗai, ba cikin ƙungiya ba. Wata huɗu na yi a kanta kafin Baba ya ce na isa in fita waje.

A waje ne na haɗu da wadda ta kama zuciyata, watau ƙaramar bindigar gasa mai ma'aunin .22, wadda ake harbawa daga nisan mita 50, kimanin rabin tsawon filin ƙwallo. Bari in ɗan tsaya a kan harsashinta, don shi ne ya bambanta ta da sauran. Harsashin bindigar soja yana da wani ɗan maɓalli a tsakiyar gindinsa, shi tsinken bindiga ke bugawa wuta ta tashi. Wannan kuwa ba shi da maɓalli. Sinadarin da ke kunna albarushin an zuba shi ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson, tsinke ya daki gefen leɓen, wuta ta kama. Don haka nake kiransa harsashi mai wuta a leɓe. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ya fara fito da dabarar a 1845, sa'an nan kamfanin Stevens na Amurka ya fito da samfurin da ake amfani da shi har yau a 1887. Tun da tilas kwanson ya zama marar kauri kafin tsinke ya iya lotsa shi, ba ya ɗaukar albarushi mai yawa, shi ya sa ƙararsa kaɗan ce, ba ya kuma dukan kafaɗa. Tsawonsa duka inci ɗaya ne, dalmar da ke kansa nauyinta giram 2.6 ne kacal. Kada dai wannan ƙanƙanta ta ruɗi kowa: yana kisa, yana kuma tafiya fiye da kilomita guda in an sake shi sama.

Na gasa da gangan ake rage masa gudu, yana yin kimanin mita 320 zuwa 330 cikin daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti, domin harsashin da ya fita da gudun da ya fi na sauti sa'an nan ya rage a hanya yakan yi tangaɗi. Da'irar maki goma a takardar mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne, kamar maɓallin taguwa. A ka'idar Hukumar Wasan Harbi ta Duniya, wadda aka kafa a 1907, hedkwatarta kuma tana Munik ta ƙasar Jamus, ba a sa wa bindigar madubin hangen nesa. Ta wata 'yar huda kake leƙawa a baya, ka ga wani zobe a bakin bindiga, ka sa baƙin takarda a tsakiyar zoben, zoben kuma a tsakiyar hudar. Duk kuskuren da ka yi a bakin bindiga sai ya ninku fiye da sau 50 kafin ya isa takarda.

A nan ne na gane abokin karawata ba takarda ba ce, ba kuma wanda ke kwance kusa da ni ba ne. Ban taɓa sanin jikina ba ya tsayawa cik ba sai ran nan. Numfashi yana ɗaga bakin bindiga yana saukewa. In ka riƙe numfashi ya daɗe, ido ya fara hazo, hannu ya fara rawa. In ka ɗaure maɗaurin hannu ya yi tsanani, sai ka ga zoben yana tsalle daidai da bugun zuciyarka. In ka sha shayi mai kauri da safe, takarda za ta faɗa. In ka yi faɗa da maiɗaki kafin ka fito, ita ma za ta faɗa. Baba ya koya mini in shaƙi iska, in saki kamar rabi, in dakata a ɗan tsakanin nan da jiki ke hutawa da kansa, in matsa kunama sannu sannu har harbin ya fita ba tare da na san takamaiman lokacinsa ba, in kuma ci gaba da kallon zoben bayan ya fita. In daƙiƙa bakwai ko takwas sun wuce ban harba ba, in sauke, in sake sabon lale. Wannan saukewa ita ce ta fi ba ni wuya. Mu 'yan jarida an horar da mu a kan agogo, shafi na jira, injin ɗab'i na jira, abin da ke hannu shi ake turawa. Ashe akwai sana'ar da fasawa a cikinta gwaninta ce.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne Baba bai damu da makin da na ci ba. Harbi biyar biyar yake sa ni, ya ɗauko takarda ya dubi yadda hudojin suka taru. Ran da na sami goma ɗaya, sauran huɗun suka watse kamar an watsa wa kaji tsaba, na zo ina murna, ya ce wannan sa'a ce, ko makaho ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu. Ran da kuwa biyar ɗin suka taru wuri ɗaya can gefen hagu, a da'irar maki bakwai, sai ga shi yana murmushi. Ya ce yanzu na fara harbi, sauran aikin na ƙarfe ne: a murɗa ɗan maɓallin saiti 'yan ƙyas-ƙyas, tarin ya koma tsakiya. Ya kuma sa na sayi ɗan littafi ina rubuta kome, ranar, da lokacin, da irin harsashin, da inda iska ke kaɗawa, da abin da na ci da safe. Har da lambar kwalin harsashi, domin kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, amma kwali biyu da aka yi a lokaci daban sai bindiga ta so ɗaya ta ƙi ɗaya. Manyan 'yan wasa har masana'antar Eley a Ingila ko cibiyoyin gwajin Lapua suke kai bindigoginsu don a zaɓa musu wanda ya dace da su. Mu kam abin da aka samu shi ake harbawa.

Sai kuma iska. Harsashin nan marar nauyi ne, marar gudu, iskar da za ta ɗaga ƙyallen tuta ta isa ta fitar da shi daga goma. Akwai 'yan tutoci jere tsakanin mai harbi da takarda, kuma karanta su wani ilmi ne mai zaman kansa. A Abuja kowane lokaci da nasa hali. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, iska na zuwa a guje ta tsaya, ga hazo ya dushe baƙin takarda. Da bazara, wajen Maris, in rana ta take, kawalwalniya ke tashi daga ƙasa har ka ga takardar tana rawa, ka auna inda ba ta nan. Da damina kuwa safiya takan yi lumus, amma hadari kan taso daga bayan duwatsu ya kore mu kafin azahar.

Gasata ta farko 'yar ƙarama ce, tsakaninmu masu koyo, harbi goma goma a kwance. Na ji daɗin yadda nake tafiya, har na fara lissafin maki a zuci, abin da aka hana ni. Da aka tattaro takardu sai aka ga tawa huda tara, ta maƙwabcina goma sha ɗaya. Ashe da na sauke na sake ɗagawa, takardarsa na auna. Ga shi kuwa harbin ya yi kyau, goma ne cif, sai dai sifiri aka rubuta mini. Kunya ta rufe ni, 'yan matan nan suna ta dariya a ɓoye. Baba ya dafa ni ya ba ni labarin Matthew Emmons na Amurka, wanda a wasannin Olamfik na Atina a 2004 yana kan gaba da tazara mai yawa, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinariya, ya harbi takardar layin da ke kusa da nasa, ya faɗo na takwas. Bayan shekara huɗu a Beijin ya sake zuwa harbin ƙarshe yana kan gaba, yatsansa ya taɓa kunama kafin ya gama auna, ya sami maki 4.4, ya ƙare na huɗu. Bai bari ba, ya dawo Landan a 2012 ya ci tagulla a wannan gasar. Tun daga ran nan, kafin in leƙa huda sai na dubi lambar da ke saman takardata.

Gasar da Emmons ya yi ita ce ta tsayuwa uku: a durƙushe, a kwance, da a tsaye. A wasannin Faris na 2024 harbi 20 aka yi a kowace, 60 ke nan a zagayen share fage. Ni har yanzu a kwance nake, na ɗan fara durƙuso, idon sawuna na kuka. Akwai kuma wani salo da ya bunƙasa a Amurka a 'yan shekarun nan, inda ake ɗora wa irin wannan bindiga madubin hangen nesa, ana harbin faranta na ƙarfe daga nisan yadi 100 ko fiye, mutum yana jingina da tsani ko ganga ko taya, agogo na bin sa. A wannan nisa harsashin da aka saita a mita 50 yakan faɗi ƙasa da kusan taƙi guda, sai an yi lissafi. Na sha kallonsu a waya, ina sha'awa, amma wannan sai inda mutum ke iya mallakar tasa.

A nan ne maganar doka ta shigo, kuma wajibi ne in faɗe ta sarai don kada wani ya karanta wannan ya nufi kasuwa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, cikinsu har da bindigar wasa da ma bindigar iska, waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai na gargajiya masu ɗuri ta baki, irin harba-ka-ruga, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Harsashi ma sai da izini. A shekarar 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Saboda haka ni ba ni da bindiga, ban kuma nemi in mallaka ba. Wadda nake harbawa a ma'ajiyar filin take kwana. In an ba ni harsashi 30, to, kwanso 30 zan ƙirga in mayar kafin in sa hannu in fita. Ga tsada, tun da kome daga waje yake zuwa, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 abin ya ƙara hawa. Shi ya sa galibin atisayena ba da harsashi nake yi ba, sai in sa na bogi a ciki in yi ta matsa kunama, domin irin wannan bindiga in ana buga ta wayam, tsinke kan ci gefen bututunta. Shi ya sa kuma mafi yawan waɗanda ke wannan wasa a ƙasar nan soja ne da 'yan sanda da sauran masu kaki. Farar hula irina sai ya bi ta hannun Hukumar Wasan Harbi ta Nijeriya ko hukumar wasanni ta jiharsa, ya kuma yi haƙuri.

Abokaina na ofis suna yi mini ba'a, wai in an tare mu a hanyar Kaduna ni zan fitar da su. Wasu kuma da gaske suke tambaya, musamman tun da Gwamna Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara su nemi makamai su kare kansu a 2022. Nakan gaya musu gaskiya: bindigar da nauyinta ya fi kilo biyar, wadda ake sa wa harsashi ɗaya ɗaya da hannu, wadda sai ka sa riga ka ɗaure maɗauri ka kwanta ka daidaita numfashi kafin ka harba, ba ta da wani amfani a bakin daji. Wanda ya zo filin nan da nufin koyon faɗa, Asabar biyu zai yi ya gudu, kuma na ga waɗanda suka yi haka. Amma ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da nakan tashi daga gyaran labarin wani ƙauye da aka ƙone, in je in kwanta a bayan bindiga, sai in ji abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Sau biyu na mayar da harsashina ban harba ba. Baba bai tambaye ni dalili ba, shi da ya yi yaƙi a Laberiya.

Da Babbar Salla na je gida da takarda ɗaya a cikin jaka, wadda ta fi kowace kyau, harbi biyar da suka haɗu suka zama huda ɗaya mai ɗan faɗi, wadda kan babban yatsa zai rufe. Kawu na fara nuna wa. Ya tsufa, ya daina hawa, amma bindigarsa tana nan rataye a zaure. Ya jujjuya takardar, ya tambayi nisan, na auna masa daga ƙofar zaure zuwa gindin dalbejiyar masallaci. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu fa shekara arba'in muna harbi ba mu taɓa auna kome ba. Albarushi ne da tsumma, sama muke ba wa." Ya ce aunawa sai su Sarkin Baka, su ma da kibiya suka fi gwaninta.

Da dare na shiga ɗakin Inna na miƙa mata. Ta ɗaga ta saitin fitila, ta leƙa ta cikin hudar da ido ɗaya, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Abin da kake tashi da asuba kana biyan kuɗin mota dominsa ke nan?" Na ce shi ne. Ta ce, "Kuma bindigar ba ka zuwa da ita gida, inda yaran suke?" Na ce ko ƙofar filin ba ta fita. Ta yi shiru. Sa'an nan ta ɗaga murfin wata tsohuwar kwalla da ke can ƙasan jerenta, inda take ajiye takardar haihuwata da hoton ɗan ƙanwarta, ta sa takardar a ciki ta rufe, ta ce in je in ci tuwo kafin ya huce.